Wa Ya Taɓa Maganin Safiatou?

Shafi na 19

Sallama gare ku mutanena. Saƙonninku sun iso, har da na 'yar'uwar da ta rubuto daga Kégué tana cewa ita ma ta taɓa jin irin wannan abu a kanta, ta ɗauka ita kaɗai ce a duniya. Ba ke kaɗai ba ce. Wanda kuma yau ya fara leƙowa, ga inda muke: Safiatou unguwarzoma ce, tana zaune a Zongo da mijinta Ilyas, mahaifiyarta Mma Hasanatu kuma tana ɗakin da ke kallon nasu. Shekara takwas ke nan tana shan maganin ciwon damuwa, tun bayan da ta haifi ɗanta na fari babu rai. Yau kwana goma sha ɗaya jikinta ya juye mata, jiya kuma a wurin aiki ƙafafunta suka saki tana riƙe da jariri.

*

Jaririn bai ji ciwo ba. Abin da take ta maimaita wa kanta ke nan tun da gari ya waye.

Tana juyawa ne za ta miƙa shi ga uwarsa, sai wani abu ya ratsa kwanyarta, zit, kamar an jona mata wayar lantarki a ƙeya. Ɗakin ya karkace. Ta ƙanƙame yaron a ƙirjinta ta tafi ƙasa a zaune. Madam Alassani, shugabar ƙaramin asibitin, ta kira ta ofis ta rufe ƙofa. Ta kalli hannuwanta da ke rawa, ta kalli gumin da ya jiƙa mata wuyan riga, sannan ta tambaye ta da Faransanci, a hankali, ko akwai abin da take sha. Ba ta ambaci tramol ba, amma Safiatou ta gane. Aka ce ta tafi gida, kada ta dawo sai da takardar likita, kuma kafin Litinin.

Yau Alhamis.

Ilyas ya fita gareji tun da sassafe. Mma ta shigo da kofin koko ta ajiye kusa da katifa, tana gaya mata ta yi magana da malamin da ke bayan masallaci, ya ce a kawo ta bayan azahar a yi mata ruƙiya. Warin citta ya bugi hancin Safiatou. Ba ta san lokacin da ta daka wa uwar da ta haife ta tsawa ba, ta ce a fitar mata da kofin nan, a kuma daina kai sunanta wurin mutane.

Mma ta ɗauki kofin ta fita.

Sai kuka ya ƙwace wa Safiatou. Haka abin yake yi mata kwanan nan: faɗa, kuka, jiri, amai, sai mafarkai masu ban tsoro da take farkawa daga cikinsu zani sharkaf. Ita da ta shekara takwas ba a ji muryarta a tsakar gida ba.

Ta share fuska, ta yafa gyale, ta jefa kwalbar maganinta a jaka ta fita.

A bakin babbar hanya ta tare zem, wato babur ɗin haya. Suna cikin tafiya tsakanin manyan motocin da ke haurawa arewa ta lura da cewa duk sanda ta juya idonta gefe, sai wutar nan ta sake ratsa ta. Zit. Zit. Ta rufe ido ta riƙe ƙarfen baya da hannu biyu. Sau biyu mai babur yana tambayarta da yaren Mina ko ya tsaya, tana cewa ya ci gaba.

A unguwar Totsi take sayen maganinta, don can babu wanda ya san ta. Dokta Tchakoura, mai farmasin, dattijo ne mai furfura a gemu, shi ke ba ta maganin duk wata tun farko. Yana ganin yadda ta shigo tana dafa bango ya bar wa ma'aikaciyarsa kanta, ya shigar da ita ƙaramin ofishinsa na ciki, ya ba ta kujera.

Ta zayyana masa komai. Ta ce ta auna kanta zazzaɓin cizon sauro, babu. Ta auna ciki, babu. Hawan jini ma ba wani abin a zo a gani ba. Ta ce tana tsoron ko wani abu ne ya tsiro mata a ƙwaƙwalwa.

Bai katse ta ba har ta gama.

"Madam Safi, yaushe kika daina shan maganinki?"

"Ban daina ba."

"Duk abin da kika lissafa min, na wanda ya yanke shi lokaci ɗaya ne."

"Dokta, ko yau da safe na sha. Shekara takwas ban taɓa tsallake kwana biyu a jere ba."

Ya ce ta nuna masa. Ta fito da kwalbar bitamin. Haka take yi tun da daɗewa: in ta sayo, sai ta ɓare kafson daga katinsu ta zuba a kwalbar nan, don kada wani ya karanta sunan ya je ya bincika.

Ya zazzago ɗaya a tafin hannunsa. Ya juya shi. Ya matso da shi kusa da tabaransa, ya daɗe yana kallon inda rabi da rabi suka haɗu. Sai ya shimfiɗa farar takarda a kan tebur, ya ja kafson ya buɗe.

Ya tashi ya ɗauko sabo daga cikin kwali, ya buɗe shi a ɗaya gefen takardar.

Na sabon 'yan ƙwayoyi ne farare, mulmulallu, suna gangarawa. Nata kuwa wani abu ne mai ɗan rawaya, tsaki-tsaki, ya tsaya wuri ɗaya.

Ya ɗiga masa ruwa da yatsa. Suna kallo ya kumbura.

Ya dangwala ya kai harshe.

"Garin rogo ne."

Ta yi dariya. Ita kanta ba ta san daga ina dariyar ta fito ba. Ya buɗe na biyu, na uku, har ya buɗe tara da suka rage. Duka gari.

Dariyar ta tsaya.

Ya buga wa likitarta waya a gabanta, wadda take gani a babban asibiti duk bayan wata uku, ya yi mata bayani, sannan ya miƙa wa Safiatou. Likitar ta yi mata magana a tsanake. Ta ce ba hauka ba ne, ba kuma irin jarabar masu shaye-shaye ba ce. Jiki ne ya saba da abu shekara da shekaru, aka janye masa ba shiri. Wanda ma zai bar maganin nan da saninsa, a hannun likita yake yi, ana ragewa kaɗan-kaɗan, wani watanni, wani fiye da haka. Ta tambaye ta kai tsaye ko tunanin cutar da kanta ya zo mata. Safiatou ta ce sau ɗaya, shekaranjiya, amma ya wuce. Likitar ta ce ta fara da ƙaramin kafso yanzu-yanzu, gobe da safe ta zo asibiti, kada ta zauna ita kaɗai, in kuma tunanin nan ya dawo ta kira ta ko da wane lokaci ne. Takardar wurin aiki kuma za ta rubuta mata.

Dokta Tchakoura ya ba ta ruwa ta sha a gabansa. Ya ce kada ta sa ran jin daidai nan take, amma wutar nan za ta fara lafawa. Ya naɗe kafson da garin a takarda ya miƙa mata. A bakin ƙofa ya tambaye ta mutum nawa suka san abin da ke cikin kwalbar nan.

Ta ce biyu.

Ya gyaɗa kai ya buɗe mata ƙofa.

*

Ta tarar da Mma a inuwar ƙofar ɗakinta da faifai a cinya, tana tsintar wake. Tsakar gidan shiru, matan haya duk sun tafi kasuwa.

Safiatou ta durƙusa a gabanta, ta buɗe takardar a kan tabarma.

Mma ta kalla sau ɗaya ta mayar da idonta kan wake.

Wannan kallon ya ishe ta. Duk wanda bai sani ba zai tambayi mene ne.

"Mma, kin san wannan."

"Na sani."

"Wa ya yi?"

"Ni ce."

Ta yi tsammanin in ta ji amsar za ta yi ihu. Sai ta ji jikinta ya yi sanyi kawai. Tun ranar farko Mma ba ta son maganin nan. Maganin masu taɓin hankali take kiransa in ranta ya ɓaci, kuma ta sha faɗa cewa shi ya hana ta sake haihuwa.

"Kina kallo ina amai, Mma. Ke kike riƙe min kai. Jiya na kusa kayar da ɗan mutane a kan siminti."

"Na ɗauka kwana biyu ne ya wuce."

"Me na yi miki?"

Mma ta ajiye faifan.

"Ba ki yi wa Iddi kuka ba."

Iddi ƙanin Safiatou ne, su biyu kaɗai Mma ta haifa. Makanike ne, shi da Ilyas suka haɗa hannu suka buɗe garejin gyaran manyan motoci a bayan tasha. Wata biyar da suka wuce yana kwance ƙarƙashin wata mota yana aiki, motar ta sauko a kansa. Bai kai asibiti ba. Bayan rasuwarsa ne Mma ta dawo gidan nan da zama.

Mma ta ci gaba, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce ranar da aka shigo da shi a makara maƙwabta suna faɗuwa, matan da ba su haɗa komai da shi ba suna birgima, ita kuwa yayarsa tana tsaye tana lissafa tabarmi tana aika a sayo ruwa. Har aka yi bakwai, har aka yi arba'in, ko ɗigo. Mutane suka yi ta magana. Wata ta ce ko ba ciki ɗaya suka fito ba.

"Na ce wannan ba 'yata ba ce. Maganin nan ya cinye miki zuciya."

Hawaye na zuba a fuskar Safiatou, ba ta damu da sharewa ba.

"Kin ɗauka ban ji ba? Ina ji, Mma. A nan yake zaune kamar dutse, fitowa ce ba ya yi. Kuma in da ni ma na faɗi, wa zai tsaya miki?"

Mma ta sunkuyar da kai.

"Kin manta yadda nake kafin in fara sha? Kin manta kin kwashe wuƙaƙen gidan nan kin kai ɗakin maƙwabta? Da ba don maganin nan ba, da tuni kin binne ni kusa da ɗana."

"Ki yafe min, Safiya."

Mma ta miƙo hannu za ta kama nata. A nan idon Safiatou ya sauka kan yatsun. Sanyin ƙashi ya daɗe da tanƙwara su, gaɓoɓin sun kumbura. Tun da Mma ta dawo gidan nan Safiatou ke sa mata zare a allura, ita ke ɓalle mata maɓallin jaka. Waken ma da gefen hannu take turawa.

Ta ɗauki rabi biyu na kafso ɗaya daga takardar ta sa mata a tafin hannu.

"Haɗa min in gani."

"Safiya."

"Haɗa kawai, Mma. Yadda kika saba yi."

Mma ta gwada. Rabin ya suɓuce ya faɗa cikin wake. Ta lalubo shi ta sake gwadawa, ya lotse tsakanin yatsunta. A na uku ta bari, ta zauna da hannu a buɗe tana kallon ƙasa.

Safiatou ta zame ta zauna daɓas.

Mutum biyu suka sani. Ɗaya ba ta iya haɗa kafso.

Ta tambaye ta tun yaushe. Mma ta ce ita dai wata biyu da suka wuce ta shiga ɗakinsu ɗaukar ashana, ta sami Ilyas zaune a bakin gado da kwalbar da ƙaramin cokali. Ya ce mata ragewa yake yi a hankali don matarsa ta dawo yadda take a da. Ita kuma ta ce Allah ya yi masa albarka. Ta roƙi Safiatou da kada ta tayar da hankali, ta ce yaron nan yana sonta, kuma tun rasuwar Iddi shi ya zame mata ɗa.

Safiatou ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta zauna a kan kujera tana fuskantar ƙofa.

*

Bayan la'asar ya dawo. Ta ji sallamarsa, ta ji yana gaida Mma, ta ji ƙarar buta yana wanke baƙin mai daga hannunsa. Ya ɗaga labule da ledar lemo a hannu, yana tambayarta ya jikin.

Sai ya ga takardar a kan tebur.

Ya tsaya a inda yake. Mma ta biyo bayansa ta tsaya a bakin ƙofa.

"Zauna, Ilyas."

Tun da suka yi aure ba ta taɓa kiran sunansa gatsau a gaban Mma ba. Ya zauna a bakin gado, ledar tana hannunsa.

Bai yi musu ba. Ya ce wata uku ke nan. Da farko 'yan ƙwayoyi kaɗan yake cirewa a kowane kafso, ya cike gurbin da gari don kada ta ji nauyin ya canza. Ya karanta a waya cewa a hankali ake ragewa. Daga nan ya koma rabi. Ya tuna mata wata rana da ita da bakinta ta ce masa ta gaji, tana so ta ji daɗi ya kai mata har ƙasan zuciya kamar kowa, tana so wata rana ta rabu da maganin nan.

"Ke kika faɗa, Safi."

"Na faɗa. Na faɗa wa mijina abin da ke raina. Ban ce ka zama likitana a ɓoye ba."

"Na so in taimake ki ne."

"Da ka so taimakona, da ka raka ni asibiti mun tambaya tare. Sau nawa na ce ka raka ni? Kullum akwai mota a gareji."



Ta gaya masa abin da kwana goma sha ɗayan nan suka zame mata. Ta ce ta rubuta wasiyya a wayarta. Ta ce shekaranjiya ta tsaya a bakin babbar hanya ta daɗe tana kallon tayoyin motoci, sai da wata mai sayar da burodi ta ja ta baya. Ta ce a wurin aiki yanzu kallon 'yar ƙwaya ake yi mata, ita da ta karɓi haihuwar rabin yaran unguwar can. Ba ta ɗaga murya ba. Wutar nan ta ratsa ta sau biyu tana cikin magana, ta dafe tebur ta jira ta wuce, ta ci gaba.

Ilyas yana kuka ba sauti.

"Kuma kana ganin duk wannan. Tare muke kwana. Ka ga ragewar ta fara wahalar da ni, maimakon ka tsaya sai ka kwashe duka. Wannan ne ban gane ba. Wanda ya karanta cewa a hankali ake yi, me ya kai shi kwashewa duka?"



Mma ta sa baki daga bakin ƙofa, ta ce kuskure ne an riga an yi, a yi haƙuri, a rufa wa juna asiri. Safiatou ba ta ko waiwaya ba. Wani tunani ne ya faɗo mata, irin na ma'aikaciyar asibiti.

"Ƙwayoyin da ka cire, ina suke?"

Ya share fuska da bayan hannu.

"Ina ka zubar? Gidan nan cike yake da yaran mutane, komai suka tsinta baki suke kaiwa."

"Ban zubar ba."

"To kawo min."

"Babu."

Sai a lokacin ta kalle shi sosai, kallon da ta daɗe ba ta yi masa ba saboda ta kanta take yi. Ya rame. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Gumi na tsattsafowa a goshinsa alhali fanka na kaɗawa. Ta tuna yawan hammar da yake yi kwanan nan, da yadda yake ture tuwo ya ce bakinsa ya bushe. Duk ta taɓa yin su, a watanninta na farko.

"Ilyas."

"Ni nake sha."

Ledar ta faɗi, lemo ya gangara ƙarƙashin gado.

Ya ce wallahi da farko don ita ya fara. Abin da ya cire yana ƙullewa a takarda ya sa a aljihu, da niyyar ya jefa a kwata. Wata safiya ya isa ƙofar gareji ya kasa shiga. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ƙirjinsa kamar an ɗora masa injin mota. Sai fuskarta ta faɗo masa, ranar jana'iza, tana tsaye ido a bushe tana ba da umarni.

"Kowa yana zaginki a kan haka. Ni kuwa sha'awa kika ba ni. Na ce ni ma ina son in zama haka, ko na yini ɗaya ne."

Ya buɗe ƙullin ya watsa a baki. Kwanakin farko ya sha wahala, amma bayan 'yan makonni ya ga yana iya barci, yana iya riƙe sifana hannunsa bai yi rawa ba. Daga nan ya ji kaɗan ɗin ba ya isarsa. Ya ƙara. Ya sake ƙarawa. Ranar da ta fara amai ya san shi ne sanadi. Kullum yana cewa gobe zai mayar mata da abinta, gobe in ta yi ya buɗe kwalbar ya kasa.

Safiatou ta rufe ido. Tana son ta tsane shi, kuma wani ɓangare nata ya tsane shi ɗin. Amma ta san wurin da yake bayani. Ta taɓa zama a can.

Ta ce masa to ya saurara da kyau. Yanzu shi ma ba zai iya bari rana ɗaya ba. Duk abin da ya gani a jikinta yana jiransa in ya yanke, kuma babu wanda ya san adadin da yake zubawa cikinsa. Gobe tare za su je wurin likitar, ya faɗa mata komai da bakinsa. Maganar aurensu kuma daban ce, ba ta da ƙarfinta yau.

Ya girgiza kai.

"Ba zan iya zuwa ba."

"Ba roƙonka nake yi ba."

"Za ta tambaye ni abin da ke damuna."

"Sai ka gaya mata. Da ka gaya min tun farko, da ni zan kai ka da kaina. Wa ya fi ni sanin ciwon nan?"

"Ke ce wadda ba zan iya gaya wa ba."

Mma ta matso ciki, ta dafa kafaɗarsa da tanƙwararren hannunta. Ta ce mutuwar Iddi ta taɓa kowa, shi kuma a gabansa aka yi, dole ta fi yi masa nauyi. Ta ce kwanansa ne ya ƙare, babu wanda ya isa ya ƙara masa minti ɗaya. Ta ce ita uwa ta haƙura, shi ma ya haƙura.

Ilyas ya zame daga ƙarƙashin hannunta ya sauka ƙasa a kan gwiwoyinsa.

"Mma, ki daina sa min albarka."

"Me kake faɗa haka?"

"Ba yadda aka gaya muku ba ne."

Fanka na ta juyawa. A waje wata mata ta dawo daga kasuwa tana kiran a zo a sauke ta.

"Jak ɗin da ya ɗaga motar yana zubar da mai tun kwana uku kafin ranar. Na gani da idona. Na ce a raina a bari sai mun sallami motar nan tukuna in gyara. Ban gaya wa kowa ba."

Safiatou ta buɗe ido.

"Da Iddi zai shiga, ya tsaya ya kalli jak ɗin. Ya ce min, Yaya, wannan lafiyarsa ƙalau kuwa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na ce masa ya shiga."

Hannun Mma yana nan a sama inda kafaɗarsa take ɗazu. Ta sauke shi a hankali. Ta juya ta ja ƙofar ɗakin ta rufe, ta sa sakata, ta dawo ta tsaya a kansa.

"Ɗago ka kalle ni," ta ce. "Sake faɗa."